Lissafin Wuta Kafin Sayen Inji

Abin da nake so in yi bayani a kansa a wannan fili shi ne ƙarfin wutar lantarki da ƙaramin shagon injuna yake bukata, irin shagunan nan da muke gani a bakin titi a nan birnin Katsina, ko ta Ƙofar Ƙwaya mutum ya bi ko ta Ƙofar Marusa, inda ake walda, ana huda ƙarfe, ana sassaƙa shi don a gyara injin niƙa, ko famfon ban ruwa, ko wani sashe na mota. Dalilin da ya sa na zaɓi wannan magana kuwa shi ne, iyayenmu da yawa idan sun ajiye aiki, ko sun sayar da amfanin gona, sukan yi shawarar su saya wa ɗansu inji ya kama sana'a. Shawara ce mai kyau. Amma sau da yawa akan tambayi kuɗin inji, a tambayi ƙasar da aka ƙera shi, a manta da tambaya ta uku, watau wace irin wuta yake ci, kuma akwai ta a shagon da za a kai shi? Abin da zan faɗa na samo shi ne daga wuri biyu, darasin kimiyya da ake koya mana a aji, da kuma shagon kawuna inda nake zuwa taya aiki duk lokacin hutu.

Bari mu fara da doki, domin da shi ake auna ƙarfin inji har gobe. A zamanin da, maƙeri ba shi da wani ƙarfi sai na damtsensa da na yaron da ke yi masa zuga. Da aka shiga ƙera injin tururi a ƙasar Turawa, wani gwani mutumin Sikotilan mai suna James Watt ya nemi hanyar da zai gaya wa masu saye ƙarfin injinsa, domin su da dawaki suka saba jawo ruwa da juya dutsen niƙa. Sai ya auna aikin da ƙaƙƙarfan doki yake yi, ya riƙa cewa wannan inji doki biyar ne, wancan doki goma. Mutumin ya rasu tun 1819, amma ma'aunin nasa yana nan, har ma aka sa wa ma'aunin ƙarfin lantarki sunansa, watau wat. Doki ɗaya daidai yake da wat 746, wat 1,000 kuwa shi ake kira kilowat. Ƙato mai lafiya in zai yini yana aiki, da ƙyar yake ba da kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin doki. Ashe ke nan injin sassaƙar ƙarfen kawuna, mai doki 5, aikin ƙarti 50 yake yi, ba ya kuwa neman fura da rana.

Sai kuma kalmomi biyu da dole mai karatu ya riƙe, bolt da amfiya. Malaminmu na kimiyya da tankin ruwan makaranta ya kwatanta mana su. Tsawon da aka ɗaga tanki sama, wanda ke sa ruwa ya fito da ƙarfi, shi ne kwatankwacin bolt. Yawan ruwan da ke gudu a cikin bututu kuwa shi ne amfiya. In ka ninka bolt da amfiya sai su ba ka ƙarfin wuta. Kamar yadda siririn bututu ba ya ɗaukar ruwa mai yawa, haka siririyar waya ba ta ɗaukar amfiya mai yawa, sai dai shi bututu in ya gaza fashewa yake yi, ita kuwa waya zafi take yi har ta narke robarta ta kama da wuta. Wutar da ke shiga gidajenmu a Nijeriya bolt 230 ce. Wadda ake kai wa manyan injuna da waya uku kuwa bolt 400 ce, ko da yake a jikin tsofaffin injuna za ka ga an rubuta 240 da 415.

Kowane inji na ƙwarai yana da moto, watau ɗan tulun ƙarfen nan mai naɗaɗɗiyar wayar jan ƙarfe a ciki, wanda ke karɓar wuta ya juya bel. A jikin kowane moto kuma akwai ɗan allon ƙarfe da aka kafe, an rubuta lambobi a kai. Ranar da na fara zuwa shago Kawu bai ba ni guduma ba, tsumma da kalanzir ya ba ni, ya ce, "Ungo yaro, bi injunan nan ka goge mini allunansu, ka kwafe abin da ke jiki a littafi." Na ce, "Kawu, me za a yi da su?" Ya ce, "Dillali yana iya yi maka daɗin baki, allon nan kuwa abin da aka rubuta masa shi zai gaya maka." Da lambobin da na kwafe a ranar nan zan yi lissafin da ke biye.

Injin sassaƙar ƙarfe, wanda ke riƙe ƙarfe yana juya shi ana feƙe shi da kaifi, doki 5 ne. Injin huda doki 1, dutsen wasa doki 1, injin tara iska doki 3. Duka doki 10 ke nan, watau wat 7,460. To, a nan ne mutane da yawa suke tsayawa, su ce ai janareta mai kVA 8 ya isa, alhali lissafi bai ko kai rabi ba. Da farko dai, dokin da aka rubuta a allo shi ne abin da moto yake bayarwa, ba abin da yake ci ba. Wani sashe na wutar yana ɓacewa a zafi, shi ya sa in ka taɓa moto bayan ya yi aiki za ka ji shi da ɗumi. Moto irin na Kawu kamar kashi 85 cikin 100 yake mayarwa aiki. Saboda haka don a sami wat 7,460, sai an ba da kusan wat 8,800.

Abu na biyu ya fi wuyar ganewa, ni ma sai da aka maimaita mini. Moto ba ya juyawa sai ya mai da kansa maganaɗisu, kuma akwai wata wuta da yake jawowa domin wannan kawai. Ba ta yin aikin sassaƙa, zuwa take yi tana komawa, amma duk da haka ta cikin waya take bi, tana cin wuri. Ku ɗauki misalin damin gero. Abin da za a ci tsaba ce, amma jakin da ya ɗauko dami daga gona ya ɗauko har da zangarniya da ƙaiƙayi. Kilowat ita ce tsaba, kVA shi ne damin gaba ɗaya, janareta da waya da taransifoma kuwa su ne jakin. A yawancin moto tsabar kashi 8 ce cikin 10 na dami. Don haka sai mu raba 8,800 da 0.8, ya ba mu kusan kVA 11. Injin walda na shagon tsoho ne mai nauyi, a jikinsa an rubuta kVA 8. In an haɗa da fitilu da fanka, a ba su kVA 1, shagon ya tashi a kVA 20. Ku duba tazarar da ke tsakanin 8 da 20. Gaskiya ne ba kullum ne dukan injunan suke aiki lokaci ɗaya ba, kuma mai lissafi yana iya rage wani abu saboda haka. Amma ranar da aiki ya yi yawa, wadda ita ce ranar samun kuɗi, ita ce ranar da kowane yaro yake kan injinsa.

Yanzu ga babbar maganar, wadda ba a rubuta ta a allo ba. Duk wanda ya taɓa lura da mai ga-ruwa ya san inda yake shan wuya. Kurarsa tana cike da jarkoki, in zai tashi sai ya tokare ƙafa ya yi nishi, amma da zarar taya ta fara gangarawa, da hannu ɗaya ma yana iya tura ta. Haka moto yake. A daidai lokacin da aka danna maɓalli, kafin ya kai ga gudunsa, yakan ja wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci in yana tafiya. Abin bai wuce daƙiƙa ɗaya ko biyu ba, amma dole a sami wutar a wannan lokaci, in ba haka ba ba zai tashi ba sam. Injin sassaƙar Kawu in yana tafiya da cikakken kaya kVA 5.5 yake ci. A ninka sau shida, ya zama kVA 33, watau ya fi abin da dukan shagon yake ci in komai yana aiki. Wannan shi ne dalilin da ya sa fitilar gida take lumshewa in firiji ya tashi, kuma shi ya sa maƙwabtan mai injin niƙa suke sanin lokacin da ya fara aiki ko ba su ji ƙara ba.

Janaretan Kawu mai kVA 20 ne, na man gas. Inji mai kyau yana iya jure nauyin da ya fi ƙarfinsa na ɗan ƙiftawar ido, saboda haka yana tada injin sassaƙa, amma da sharaɗi. Doka ce a shagon, babban inji shi ake fara tayarwa, babu kaya a bakinsa, kuma babu mai walda a lokacin. Za ka ji janareta ya yi gurnani, ya tofar da baƙin hayaƙi, fitila ta yi ja, sa'an nan komai ya daidaita, sai a bi da ƙananan ɗaya bayan ɗaya. Injin tara iska shi ne mai rigima, domin shi da kansa yake tashi duk lokacin da iskar tankinsa ta ragu, ba ya sallama, ba ya jiran izinin kowa. Akwai kuma dabarar da ake yi wa manyan moto, a haɗa wayoyinsu ta wata hanya lokacin tashi, in sun ɗauki gudu a mayar da su yadda suke. Wannan yana rage wutar tashi zuwa kashi ɗaya cikin uku, sai dai ƙarfin tashin ma haka yake raguwa, don haka bai dace da injin da ke tashi da kaya a kansa ba.

Mu koma kan waya uku da na ambata. Wutar da ke kan turakun unguwa layi uku ce, sai waya ta huɗu da wutar ke komawa ta cikinta. Masu sana'a suna kiran kowane layi fes. Gida layi ɗaya ake ba shi, shi ya sa wani lokaci za ka ga gidanku da wuta, na maƙwabcinku babu. Manyan moto kuwa dukan ukun suke so, domin layukan ba tare suke bugawa ba, bi da bi suke yi, kamar mata uku suna daka a turmi ɗaya, wannan na ɗaga taɓarya waccan na saukewa. Irin wannan moto, wanda Nikola Tesla ya yi wa rajista a Amurka a 1888, ba shi da tarkace da yawa a ciki, yana da ƙarko, kuma da kansa yake tashi. Ga kuma amfaninsa a lissafi. In za a ba da kVA 5.5 ta layi ɗaya, sai mu raba 5,500 da 230, ya ba mu amfiya 24. In layi uku suka raba kayan, kowanne amfiya 8 kacal zai ɗauka. Zafin waya kuwa ba bin amfiya yake yi ɗaya bayan ɗaya ba, in amfiya ta ninka sau uku zafi sau tara yake ninkawa. Soket ɗin ɗakunanmu, mai baki uku, iyakarsa amfiya 13, watau kusan wat 3,000. Wanda ya ce zai rataya masa doki 5, to gobara yake gayyata.

Na ga abin da rashin wannan lissafi yake jawowa da idona. Wani bawan Allah da ke kusa da shagonmu ya sayar da shanunsa biyu da wani yanki na gonar gado, ya tafi Kano ya sayo wa ɗansa injin sassaƙar ƙarfe, babba, mai kyau, wanda ya fi na Kawu. Ranar da aka sauke shi unguwa ta taru ana sa albarka. Da aka kira mai haɗa wuta ya duba allo, sai ya ce injin na layi uku ne, shagon kuwa layi ɗaya gare shi, kuma turken da ke da layi uku yana can bayan gidaje da yawa, sai an sayi turaku da waya. Kuɗi sun riga sun ƙare. Aka ranto aka sayi ɗan janareta mai layi uku, mai kVA 10, bisa lissafin cewa injin doki 7.5 ne kawai. Da aka danna maɓalli sai moto ya yi gunji, janareta ya shaƙe ya mutu. Aka sake, haka. Injin nan ya yi wata bakwai a rufe da buhu, yaron yana zuwa shagonmu yana aikin lada, daga ƙarshe aka sayar da shi da hasara. Babu wanda ya cuce su, injin lafiyarsa ƙalau. Abin da ya rage kawai shi ne a karanta ɗan allon da bai kai tafin hannu ba tun a Kano. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

To ko da an sami layi uku, sauran tambaya, layin yana da ƙarfi? Ya kamata mu san nisan tafiyar da wutar nan take yi kafin ta iso mu. Ana samar da ita a madatsun ruwa irin su Kainji, wadda aka gama a 1968 mai megawat 760, da Shiroro ta 1990 mai megawat 600, da kuma tashoshin iskar gas na kudu, waɗanda su ne ke ba da mafi yawa, irin su Egbin ta Legas. Megawat ɗaya kilowat 1,000 ne. Daga can ake ɗora ta kan manyan turakun ƙarfe da bolt 330,000, ta biyo ta Mando a Kaduna zuwa Kumbotso a Kano, sa'an nan ta taho Katsina ta Kankiya da bolt 132,000. A nan sai a riƙa sauke ta mataki mataki, 33,000, sai 11,000, har taransifomar unguwa ta mai da ita 400. Kamfanin KEDCO ne ke rarraba ta a Kano da Katsina da Jigawa tun watan Nuwamba na 2013, ko da yake bakin jama'a ya saba da NEPA, wadda aka kafa a 1972 aka kuma canja mata suna a 2005.

Taransifomar unguwa ita ce rijiyar da kowa yake ɗiba. Mai kVA 300, wadda ake yawan gani, shago 15 irin na Kawu sun isa su shanye ta, ba a ma zo kan gidaje da firiji da dutsen guga da famfunan rijiyar burtsatse ba. In masu ɗiba suka yi yawa, ko shago ya yi nisa da taransifoma, ko wayar ta yi siriri, sai bolt ya sauka. Wannan ita ce wutar da muke cewa ta zo ba ƙarfi. Ga fitila abin bai wuce ta yi ja ba, amma ga moto ciwo ne. In bolt ya ragu da kashi 10 cikin 100, ƙarfin murɗawar moto yakan ragu da kusan kashi 19, kuma tun da aikin da ke bakinsa bai ragu ba, sai ya ƙara jan amfiya don ya cike giɓin, amfiya kuwa ita ce zafi. Mutane suna tsoron wuta mai yawa, suna ganin ita kaɗai ke ƙona kaya. A shagon injuna wuta marar ƙarfi ma tana ƙonawa, sai dai ita a hankali take yi. Kawu yana da agogon auna bolt guda uku a bango, kowane layi da nasa, in ya ga ɗaya ya yi ƙasa da 200 ba ya bari a tada babban inji, ko da mai aiki yana tsaye a kansa yana gaggawa. Shagon da bukatarsa ta kai kVA 45 zuwa sama kuwa ya shiga sahun manyan masu shan wuta, irin waɗanda akan sa wa taransifomar kansu.

Mu a Katsina muna da ƙarin dalilin jin tsoron zafi. Yawancin moto an ƙera su ne bisa cewa iskar da ke kewaye da su ba za ta wuce digiri 40 ba. A watan Afrilu da Mayu garinmu yakan kai haka a inuwa, balle a cikin shago mai rufin kwano. Masu ilmin lantarki suna da ƙa'idar cewa duk ƙarin digiri 10 a zafin wayar moto yana rage kwanan rufinta da rabi. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe fankar moto da tsagogin bayansa. Saboda haka moto da zai yi aiki ba fashi a ƙasar sanyi, a nan sai an rage masa kaya, an kuma riƙa hure shi da iska. Janareta ma haka, ƙarfinsa yana raguwa in rana ta take.

Akwai wani haɗari da ya keɓanta da layi uku. In moto yana tafiya sai layi ɗaya ya yanke, ko don fis ya ƙone ko don waya ta saki, ba tsayawa yake yi ba. Ci gaba yake yi a kan layi biyu, yana wani irin gunji, amfiya ta hau, cikin 'yan mintoci sai ka ji ƙauri. Daga nan sai wurin mai rewaya, a kwance wayar jan ƙarfe a sake naɗi, a biya kuɗi masu yawa, a yi mako ba aiki. Maganin abin ɗan makari ne da ake sa wa a akwatin maɓalli, wanda ke yanke wuta in amfiya ta wuce wadda aka rubuta a allo. Kuɗinsa bai kai kuɗin naɗi ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne ɗabi'ar wasu yaran shago, in fis ya ƙone sai su naɗa masa waya mai kauri ko su cusa ƙusa, wai don kada ya sake damunsu. Fis ai an yi shi ne ya mutu a madadin inji. Haka kuma kowane inji yana bukatar wayar da ke haɗa gangar jikinsa da sandar ƙarfe da aka binne a ƙasa mai laima, domin in wuta ta zuba a jikinsa ta bi can, kada ta bi ta hannun yaron da ke riƙe da shi.

Sai maganar kuɗi, wadda na san iyayenmu ita suke jira. Mita tana ƙirga yunit, yunit ɗaya kuwa shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Injin sassaƙar Kawu da cikakken kaya kilowat 4.4 yake ci, in ya yi awa shida ya ci yunit 26 da ɗoriya. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta sa wa rukunin farko, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, naira 225 kowane yunit. A wannan farashi aikin yinin ya tashi kusan naira 6,000. In da janareta ne, litar man gas ɗaya kamar yunit 3 take bayarwa, watau lita 9 ke nan, a shekarar 2024 kuwa lita ta haura naira 1,000. Ba a sa kuɗin baƙin mai da gyara ba. Kuma babban janareta da aka tayar don ɗan injin huda kaɗai yana shan mai a banza, shi ya sa masu wayo suke tara aiki su yi shi a zama ɗaya. Duk da tsadarsa mai shago ba ya iya rabuwa da shi. A watan Oktoba na 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sa'an nan layin da ke biyowa ta Binuwai ya faɗi, yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu. Shagon da ba shi da wata hanya a kwanakin nan sai dai ya rufe, ga yara, ga iyali.

Wasu za su ce, ga rana Allah Ya hore mana, me zai hana a koma sola? Ana yi, kuma ga fitila da fanka da injin huda da ƙananan injunan waldan zamani, waɗanda yaro ke iya ratayawa a kafaɗa, tana aiki sosai. Amma wutar tashi tana nan tana jira. Inbata ba ta da haƙurin janareta, in aka ɗora mata kVA 33 alhali ita mai 10 ce, nan take take yankewa. Abin da ya kawo sauƙi shi ne wata na'ura da ake sa wa tsakanin wuta da moto, wadda ke tada shi a hankali, daga tafiyar hawainiya har ya kai gudunsa, ba tare da fizgar nan ba. Irin ta kuma tana iya karɓar layi ɗaya ta fitar da uku, amma yawanci ga ƙananan moto ne, doki 3 zuwa ƙasa, kuma sai in allonsu ya nuna 230 da 400 tare. Da bawan Allahn nan da na ba da labarinsa ƙaramin inji ya saya, da wannan ta fisshe shi.

Saura injunan da suka yi aiki a wata ƙasa aka kawo su nan, waɗanda su ne talaka yake iya saye. Wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, irin ta Ingila da sauran Turai, ta Amurka kuwa sau 60. Moto da aka ƙera ya yi juyi 1,800 a minti a can, in ya zo nan 1,500 zai yi, ƙarfinsa ya ragu da kashi ɗaya cikin shida, fankarsa ma ta rage hura masa iska. Na Japan kuma da yawansu layi uku ne amma bolt 200, in aka ba su 400 ko sallama ba za su yi ba. Irin wannan sai an sayo masa taransifomar kansa, saboda haka a sa kuɗinta cikin ciniki tun kafin a ce an saya. In kuwa aka tarar an kankare allon, ko an shafe shi da fenti, Kawu ba ya ko taya injin sai mai shi ya yarda an haɗa masa wuta a nan gabansa, an maƙala ma'aunin amfiya a kowane layi, an ga abin da yake ja lokacin tashi da kuma bayan ya yi rabin awa yana aiki.